Tsakanin Haƙƙi da Alfarma

Duk wanda ya tashi a Zango ya san kalmar alfarma tun kafin ya san kalmar haƙƙi. In ana neman gado a asibiti, alfarma ake nema. In an kama ɗan wani, sai a tashi dattijo ya sa babbar riga ya tafi caji ofis neman alfarma. Gurbin karatu, takardar haihuwa, har wurin kafa tebur a bakin titi, duka ta hannun wani ake samu, shi kuwa wanin sai an gaishe shi, an gode masa, an kuma tuna da shi ran Salla ko ran Kirsimati. Ban ce wannan mugun abu ne ɗungum ba, gama da shi iyayenmu suka rayu a garin da suka zo baƙunci. Amma yaron da ya girma a haka yakan zaci duk abin da ya fito daga hannun hukuma kyauta ce, kyauta kuwa mai ita yana iya hanawa.

Ni katikis ne. Aikina shi ne koyar da masu shirin baftisma, da ziyarar marasa lafiya, da jagorantar sujada in fada ba ya nan. Karatuna na firamaren mishan ne, sauran kuwa na tsinta a hanya. Mahaifina ya zo Akra daga wajen Bawku, ya yi aikin gadi har ya tsufa, a Nima kuma aka haife ni. Shekara huɗu ke nan da shugaban wata ƙaramar sakandare da ke tsakanin Nima da Maamobi ya roƙe ni in riƙa zuwa kowace Laraba da yamma, in zauna da 'yan aji biyu mu yi magana a kan 'yancin ɗan ƙasa. Dalilinsa shi ne malamin da ke koyar da darasin zaman jama'a ba ya jin Hausa, yara kuwa suna haddace amsa da Turanci su ci jarrabawa, amma in ka tambaye su ma'anar abin da suka rubuta sai su yi shiru. Yaran 'yan shekara 12 zuwa 15 ne, mafi yawansu Musulmi, akwai Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Busanga da Dagomba da Frafra, Hausa ce kuwa ta haɗa su duka.

Abin da na fara lura da shi shi ne, harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin. Kalmar haƙƙi tana da fuska biyu. Haƙƙinka shi ne abin da ake binka, shi ne kuma abin da kake bi. In ka cuci maraya, tsofaffi sukan ce haƙƙinsa zai kama ka. Ashe haƙƙi abu ne mai nauyi, yana bin wanda ya danne shi. Ba a gode wa mutum don ya biya bashi kamar yadda ake gode wa mai kyauta. Da yaran suka gane wannan, sai na ɗauko Tsarin Mulkin Gana na nuna musu.

Yawancinsu ba su taɓa ganinsa da ido ba. Na gaya musu cewa iyayensu da kakanninsu ne suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ran 28 ga Afrilu 1992, ya kuma fara aiki ran 7 ga Janairu 1993. Babi na 5, daga sashe na 12 zuwa na 33, shi ne na haƙƙoƙin ɗan Adam. Muka bi shi kaɗan kaɗan, ina fassarawa. Sashe na 17 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko talaucinsa, ko kasancewarsa mace ko namiji. Sashe na 21 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, da yin addininsa, da yin taro. Sashe na 25 ya ce ilimin tushe kyauta ne kuma dole ne. Duk waɗannan sun saurara da ladabi, irin sauraren da yara ke yi wa huɗuba. Sai da muka kai sashe na 14 ajin ya motsa.

Wannan sashen ya ce in aka kama mutum, dole a gaya masa dalili nan take cikin harshen da yake ji, a kuma gaya masa yana da ikon neman lauya, sa'an nan in ba a sake shi ba, a kai shi gaban kotu cikin awa 48. Wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan dokar har da Zango?" Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce an taɓa yin samame a layinsu da dare, aka kwashe samari har da wansa da ke dawowa daga sayen koko, ya yi kwana biyar a tsare, bai ga alƙali ba, sai da uwarsu ta sayar da zanenta.

Mai karatu, a nan ne wahalar wannan aiki take. In na ce wa yaron doka tana aiki daidai, na yi ƙarya, shi ma ya san ƙarya na yi. In kuma na ce masa takarda ce kawai, to, me ya kawo ni ajin? Sai na ba su labarin abin da ya faru a watan Yuli 2018, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai, 'yan Zangon Asawase na Kumasi, a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Mutanen Zango suka ƙi yarda, suka tsaya a kan sai an bincika. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce bai ga shaidar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka kuma biya iyalan diyya. Na ce musu wannan bai dawo da ran ko ɗaya ba. Amma da ba a yi magana ba, da har yau sunan ɓarayi ne ke kan kaburburansu, 'ya'yansu kuma su gaji sunan. Na kuma gaya musu akwai hukumar CHRAJ, wadda aka kafa a 1993, ana kai mata ƙara ba tare da biyan kuɗi ba, ba kuma sai da lauya ba. Yaron ya rubuta sunan a bayan littafinsa. Ko ya gamsu, fuskarsa ba ta nuna ba.

Tambayar da ta fi cin lokacinmu kowace shekara ita ce ta asali. Babu ɗan Zangon da ba a taɓa tambayarsa ba: "Kai ɗan ina ne?" In ya ce Nima, sai a ce, "A'a, garinku na ainihi." Wata yarinya ta ba mu labarin yadda babanta ya je yin katin shaida har sau uku ana mayar da shi, don sunansa da harshensa sun sa ma'aikacin ya ce shi baƙo ne, alhali a Sabon Zango aka haife shi, a can aka haifi uwarsa.

Don haka nakan ba da makonni biyu ga tarihi. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanya daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, kasuwar Salaga kuwa ta cika da su tun kafin a ji sunan Gana. Turawan Ingila sun kawo sojojin Hausa a yaƙinsu da Ashanti a 1873 zuwa 1874, da yawa kuma suka zauna. Malam Bako, wanda mahaifinsa ya zo daga Katsina, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a filin da ya samu daga sarakunan Ga. Nima ta biyo baya a shekarun 1930, ta hannun Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu. Wato waɗannan unguwanni sun girmi tutar ƙasar. Sa'an nan sashe na 6 na Tsarin Mulki ya ce wanda aka haifa bayan tsarin ya fara aiki ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Ba a ambaci ƙabila ba, ba a ce sai mai jin Twi ko Ga ba. Har yaron da aka tsinta a ƙasar, bai wuce shekara 7 ba, ba a kuma san iyayensa ba, doka ta ɗauke shi ɗan Gana.

Amma tsoron da ke zuciyar tsofaffinmu yana da tushe, ya kuwa kamata yara su san tushen. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita. Na roƙi wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda yake saurayi a lokacin, ya zo ya gaya wa yaran da bakinsa. Ya zauna a kujerar malami, ya jingina sandarsa, ya ce, "'Ya'yana, abin da ba na mantawa shi ne kayan gida a bakin hanya." Ya ce gadaje da kekunan ɗinki da tukwane aka yi ta sayarwa a kan kuɗin da bai kai na abinci ba. Ya ce akwai waɗanda aka loda a mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba, don a nan aka haife su. Abokinsa na wasa ya tafi a cikinsu, bai sake jin labarinsa ba. Wata yarinya ta ce, "Baba Alhaji, ku me ya sa ba ku tafi ba?" Ya ce, "Mun ɓuya ne, 'yata. Wata uku uwata ba ta fita kasuwa ba." Daga nan na ƙara musu da cewa a 1983 Nijeriya ma ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, daga nan ne jakar nan mai ratsi ta samo sunanta. Kowa ya ɗanɗana, babu wanda ya ƙaru.

Tun daga ranar na gane dalilin da ya sa iyaye da yawa ba sa son a je ofis a yi gardama. Wanda ya taɓa ɓuya, ba ya son a rubuta sunansa. Yara kuwa ba su ɓuya ba, shi ya sa bakinsu ya fi namu buɗewa.

Littafin karatunsu ya ambaci gwagwarmayar baƙar fatar Amurka a 'yan layuka, yaran kuma suna ganin abin can nesa ne, sai ka ce fim. Nakan jawo musu shi kusa. Sun san Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery ran 1 ga Disamba 1955, mutane suka ƙaurace wa motocin kwana 381. Amma ba su san cewa a Janairu 1948, a nan Akra, Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa saboda tsadar kaya ba, ko da yake sun san tsofaffin sojoji uku da aka harbe a mararrabar Osu ran 28 ga Fabrairu na shekarar, wato Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Ba su san Martin Luther King yana cikin taron da ya ga an ɗaga tutar Gana ran 6 ga Maris 1957 ba. Labarin da ya fi ba su mamaki shi ne na Komla Gbedemah, ministan kuɗinmu, wanda a Oktoba 1957 aka hana shi zama ya sha ruwan lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware saboda launin fatarsa, har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a wanke kunya. Wani yaro ya ce, "Ashe minista ma ana tambayarsa ɗan ina ne." Dokta Du Bois kuma a Akra ya rasu ran 27 ga Agusta 1963, yana da shekara 95, kwana ɗaya kafin babban gangamin Washinton. Kabarinsa yana Cantonments, kusa da mu. Mun je sau ɗaya, kuɗin mota ne ya hana mu komawa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafi gidanmu, ya 'yan'uwa, gama ba daidai ba ne in koya wa yara su tambayi ɗan sanda da ma'aikacin gwamnati, sa'an nan in hana su tambayar ikilisiya. A 2021 aka yi ta muhawara a ƙasar nan saboda makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumin Ramadan. A shekarar ce kuma babbar kotu ta umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai 'yan Rasta da aka ƙi saboda gashinsu. Wata yarinya mai kaifin hankali, wadda ke son zama likita, ta tsare ni da ido ta ce, "Malam, kai mutumin coci ne. In na ci jarrabawa aka tura ni makarantarku, sashe na 21 zai bi ni har can, ko a bakin ƙofa zai tsaya?"

Na san abin da waɗansunmu ke faɗa, na kuma ji shi daga bakin wani dattijon ikilisiyarmu da nake girmamawa: mu muka gina makarantun nan da guminmu, wanda ya zo gidan wani sai ya bi dokar gidan. Akwai gaskiya a ciki. Ni kaina makarantar mishan ce ta koya mini karatu a lokacin da babu mai kula da ɗan mai gadi, ba kuwa zan yarda a shafe halin waɗannan makarantu ba. Amma na ce wa dattijon, "Baba, albashin malaman daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, harajin mai sayar da shinkafa da wake a Nima yana ciki. Gwamnati ce kuma ke rarraba yaran. Yarinyar da aka tura can ba cin arziki ta je ba." A ganina, bangaskiyar da ta tsaya da ƙafafunta ba ta rasa kome don wata yarinya ta tashi sahur. Ya kamata kuma mu tuna cewa a waɗansu ƙasashe mu ne 'yan tsiraru, muna kuwa kuka in an hana 'ya'yanmu sujada. A Afrilu 2019 babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga majami'ar Christ the King a Akra ran Ista, yana cika shekara 100, ya zauna tare da mu. Dattijon ya ce zai yi tunani. Yarinyar kuwa na gaya mata cewa a fahimtata sashen yana binta, in kuma aka hana ta, ni zan raka babanta. Wanda ke ganin neman haƙƙi rashin tawali'u ne, ya duba Ayyukan Manzanni sura 16 da 22, ya ga yadda Bulus ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan Roma, har ya sa mahukuntan Filibi suka zo da kansu suka fitar da shi.

A ƙarshen kowane zango na karatu nakan ba su takarda su rubuta abu ɗaya da suke so ya canza kafin su kai shekara 18, shekarar jefa ƙuri'a. Na zaci zan ga manyan buri. Akwai su kaɗan, musamman daga 'yan mata, tun da Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a Janairu 2025, kamar yadda samari ke ambaton Alhaji Aliu Mahama da Dokta Bawumia da suka riƙe kujerar kafin ita. Amma yawancin takardun ƙananan abubuwa ne. Ɗaya ya rubuta: a rufe babbar gwata. Ɗaya: ban-ɗaki a gidanmu, don kada in riƙa bin layi da asuba in makara. Ɗaya: in na ce Nima nake, kada a matsar da jaka. Wata ta rubuta cewa tana so a bar yayarta ta gama karatu kafin a yi mata aure, ta kuma ja layi a ƙarƙashin shekara 18, don mun karanta cewa Dokar Yara ta 1998 ta hana aure kafin nan. Wani kuma, ɗan banza mai wayo, ya rubuta cewa tun da hukumar ilimi ta hana duka a makarantu, yana roƙo a faɗaɗa dokar ta kai gida.

Sukan tambaye ni labarin Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017, da ma'aikatar Zango da aka buɗe a shekarar aka kuma rufe a 2021. Sun ga filayen ƙwallo masu ciyawar roba, suna kuwa jin daɗinsu. Ni abin da nakan ce shi ne su lura da yadda ake ba da labarin irin waɗannan ayyuka: in aka yi gwata a Cantonments, aiki ne aka yi, in aka yi ta a Zango, sai a ce an taimaka mana, a kafa rumfa, a kira makaɗa. Karatun babbar sakandare kyauta, wanda aka fara a Satumba 2017, shi ne abin da ya fi taɓa gidajensu, don da yawa cikinsu su ne za su fara wuce aji uku a danginsu.

Bara 'yan ajin suka ce sun gaji da rubuta buri a takardar da ni kaɗai ke karantawa. Suka zaɓi abu ɗaya, wato juji da ke bayan katangar makarantar, wanda ke toshe magudana duk damina har ruwa ya shiga aji. Sun san labarin ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle, inda fiye da mutum 150 suka mutu, waɗansunsu ma suna da dangi a ciki. Suka auna tsawon jujin da igiya, suka ƙirga kwanakin da aka rufe aji, suka rubuta wasiƙa da Turanci da Hausa zuwa ga wakilin unguwa a majalisar gunduma. An yi gardama mai zafi a kan kalma ɗaya. Waɗansu suka ce a rubuta "muna roƙon alfarma", don haka ake yi wa manya magana. Waɗansu suka ce a'a, haƙƙi ne. A ƙarshe suka buɗe wasiƙar da gaisuwa mai tsawo irin ta gida, suka tambayi lafiyar iyali da gajiya, sa'an nan suka rubuta "muna tunatar da kai". Yara 43 suka sa hannu, biyu iyayensu suka hana.

Bayan mako shida aka kawo babbar kwandon shara ta ƙarfe, aka kwashe rabin jujin. An zo an ɗauke ta sau biyu, daga nan ba a sake zuwa ba, yanzu ta cika ta tumbatsa. Waɗanda suka rubuta wasiƙar sun shiga aji uku, jarrabawa ta sha musu kai. Sun miƙa wa 'yan aji biyu na bana kwafin wasiƙar, da igiyar awon, da kwanan watan da aka yi kwasar ƙarshe. Wasiƙa ta biyu tana hannun wata 'yar shekara 13, ta ce a wannan karon su biyar za su kai ta da kansu, su kuma nemi a buga musu hatimi a kan kwafinsu.